Lambobin da ke jikin kwalin sikana: Mene ne DPI, kuma nawa ne zai ishe ka?

Duk wanda ya shiga shagon kayan kwamfuta da niyyar sayen sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi cikin kwamfuta, lambobi ne za su fara tarar sa. Wannan kwali an rubuta masa 600, na kusa da shi 4800, wani can kuma 19,200, kowace lamba da haruffan DPI a bayanta. A zaton mai saye, wadda ta fi girman lamba ita ce ta fi inganci. Sai dai idan ya leƙa ofisoshin da ake sikanin dubban takardu kowace rana, zai tarar na'urorinsu 600 kawai aka rubuta musu, alhali kuɗin guda ɗaya zai sayi mai 4800 har guda biyar ko fiye.

Alal misali, Canon CanoScan LiDE 400 ƙaramar sikana ce ta kan tebur mai DPI 4800. Ita kuwa fi-7160 da kamfanin Fujitsu ya fitar, wadda aka ƙera domin aikin ofis, DPI 600 gare ta, amma ta ninka waccan tsada sau da yawa. Ba ruɗewa masu sayen ta suka yi ba. Sun san abin da lambar take aunawa, sun kuma san inda amfaninta ya tsaya.

Sanin wannan ba na masana kaɗai ba ne. Ɗan kasuwar da ke ɗora takardunsa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, da ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin mayar da tsofaffin fayiloli cikin kwamfuta, dukansu na iya yin kuskure ta fuska biyu. Ko dai su kashe kuɗi kan lambar da ba za su taɓa amfani da ita ba, ko kuma su ɗauki takardu da ƙarancin ɗigo, sai bayan asalin takardar ta ɓata ko gara ta cinye a gano cewa kwafin ba ya karantuwa. Na biyun ya fi muni, domin ba shi da gyara.

Ma'anar DPI

Haruffan uku taƙaitawa ce ta kalmomin Ingilishi da ke nufin yawan ɗigo a kowane inci, shi kuwa inci ɗaya santimita 2.54 ne. Sikana ba ta ganin shafi a dunƙule kamar yadda idon mutum ke gani. Tana yanka shi ne zuwa ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, ta auna haske da launin kowane gida, ta rubuta shi a matsayin ɗigo ɗaya, wanda ake kira fiksel. Idan an saita ta a DPI 300, kowane inci na faɗin takarda za a raba shi gida 300, na tsawo ma haka, wato ɗigo 90,000 a cikin murabba'in inci guda. Ɗan Kantin Kwari zai fahimci wannan da sauri, domin da yawan zaren da ke cikin saƙa ake bambance yadi mai laushi da mai kaushi. Abin da DPI ke aunawa ke nan: kaifin ganin na'urar, ko ƙanƙantar abin da take iya rarrabewa.

Hoto na farko da aka shigar cikin kwamfuta ta wannan hanya, a 1957 aka yi shi a Hukumar Kula da Ma'aunai ta Amurka, inda Russell Kirsch ya ɗauki hoton jaririn ɗansa. Ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance, a kan hoto mai faɗin santimita 5, wato kusan DPI 90. Duk da haka ana gane fuskar jariri ce. Na'urar fas da ofisoshi suka daɗe suna aika wasiƙu da ita, kimanin DPI 200 take kaiwa idan an saita ta a mataki mai kyau, kuma da ita aka ƙulla cinikayya ta miliyoyi shekara da shekaru.

Akwai lissafi guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. A DPI 300 tana ba da ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, jimilla kusan miliyan 8.7. Idan hoton mai launi ne kuma ba a matse shi ba, nauyinsa kusan megabait 26. Da an ɗaga zuwa 600, nauyin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, domin ɗigon ya ƙaru ta faɗi kuma ya ƙaru ta tsawo: kimanin megabait 104. A 1200 ya haura megabait 400. A 4800 kuwa shafi ɗaya tak ya wuce gigabait 6. Babu wanda ke sikanin wasiƙa haka, kuma yawancin kwamfutocin ofis ba za su iya buɗe fayil ɗin cikin sauƙi ba.

Lambar gaskiya da lambar ƙari

A ƙarƙashin gilashin sikana akwai sanda mai haske da ke tafiya daga saman takarda zuwa ƙasa. A jikinta, ko a ƙarshen hanyar da hasken ke bi, akwai jerin ƙananan idanu masu jin haske. Yawan waɗannan idanu ne ke ƙayyade ainihin abin da na'urar ke gani, kuma shi ake rubutawa a takardar bayanin na'ura da kalmar "optical". Wannan ce lambar da mai saye zai nema.

Sau da yawa za a ga lambobi biyu, kamar 1200 x 2400. Ta farko ita ce ta idanun. Ta biyu yawan takun da ƙaramin injin da ke jan sandar zai iya yi ne a cikin inci ɗaya. Gajarta taku abu ne mai sauƙi ga maƙera, amma ba ya ƙara wa ido kaifi. Saboda haka ƙaramar lambar ce abin dogaro, kuma na'urar da aka rubuta wa 1200 x 2400 mai 1200 ce.

Lamba ta uku ita ce wadda ta fi jan ido, irin su 9,600 ko 12,800 ko 19,200, wadda ake rubutawa da kalmar "interpolated" ko "enhanced". Wannan ba gani ba ne, lissafi ne. Manhajar na'urar tana duba ɗigo biyu da ke maƙwabtaka, ta yi kirdadon launin da ya kamata ya kasance a tsakaninsu, ta cusa sabon ɗigo a wurin. Tamkar mai ƙara ruwa a nono ne: ƙwarya ta cika, nonon kuwa yana nan yadda yake. Idan wani siririn layi ya kuɓuce wa idanun na'urar, babu kirdadon da zai dawo da shi. Abin da aka samu kawai shi ne fayil mai nauyi da hoto mai dishi-dishi. Epson Perfection V600, alal misali, lambarta ta gani 6400 ce, ta injin 9600, ta lissafi kuma 12,800, duk a na'ura guda. Kamfanin ya bayyana ukun a takardar bayani. Wanda bai karanta takardar ba ne ke ɗaukar ta ƙarshe.

Ko ita lambar ta gani ma ba a cika samun ta cif-cif ba. Kafin haske ya isa ga idanun sai ya ratsa gilashi, a wasu na'urorin ya bi ta madubai da gilashin da ke tattara shi, kowane mataki kuma yana rage wani abu. Masu gwajin na'urori suna amfani da wani allo mai siraran layuka da rundunar sojin saman Amurka ta tsara a 1951, su ga layuka mafi ƙanƙanta da sikana ke iya rabawa. A irin wannan gwaji, sikanonin kan tebur masu manyan lambobi sau da yawa ba sa kai rabin abin da aka rubuta musu. Wannan bai dami mai sikanin takarda ba, domin ko kashi ɗaya cikin huɗu na 4800 ya zarce buƙatarsa nesa.

Nawa ne ya isa?

Ga rubutu, amsar 300 ce. Idon mai lafiya, idan yana karatu daga tazarar kimanin santimita 30, abin da yake iya rarrabewa bai wuce kusan ɗigo 300 a inci ba, shi ya sa maɗaba'u suka ɗauki wannan adadi a matsayin ma'aunin buga hoto. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto su mayar da shi wanda za a iya gyarawa ko bincikawa, waɗanda ake kira OCR, su ma 300 suke nema ga rubutu mai matsakaicin girma, sai idan haruffan ƙanana ne ƙwarai ake hawa 400 zuwa 600. Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Amurka, a ƙa'idarta ta mayar da takardun gwamnati na dindindin cikin kwamfuta, 300 ta sanya a matsayin mafi ƙaranci ga takardun rubutu na zamani. Idan hakan ya ishi takardar da ake so ta rayu ɗaruruwan shekaru, zai ishi takardar ƙarin girma ko ta shigo da kaya.

Ana iya sauka zuwa 200 ga wasiƙun yau da kullum masu manyan haruffa da ba za a adana ba. Ƙasa da haka kuwa kasada ce, musamman ga rubutun Hausa. Abin da ya raba ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, 'yar lanƙwasa ce da ba ta kai ƙwayar gero ba. A DPI 100 tana narkewa cikin harafin, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. A rubutun ajami da na Larabci lamarin ya fi tsanani, tunda ɗigo ɗaya ko biyu a sama ko a ƙasa ne ke raba haruffa da dama, ga kuma wasula. Wanda ya gaji littattafan kakanni na rubutun hannu, ko takardun gado da na filaye da alƙalai suka rubuta, gara ya ɗauke su a 400 ko 600, kuma da launi.

Akwai takardun da ba DPI ne matsalarsu ba. Rasit ɗin na'urar POS zafi ne ke fito da rubutunsa, kuma yana dusashewa cikin watanni, musamman a aljihu ko a rana. Injin da ya buga shi galibi kimanin ɗigo 200 yake sakawa a inci, don haka ɗaukar sa a 1200 ba zai tono abin da ba a buga ba. Abin da zai cece shi shi ne a ɗauke shi da wuri, kuma a zaɓi matakin toka-toka maimakon baƙi da fari zalla. Matakin baƙi da fari yana yanke hukunci a kan kowane ɗigo, ko baƙi ko fari, sai rubutu mai rauni ya faɗa ɓangaren fari ya ɓace. Na toka-toka yana da matakai 256 tsakanin baƙi da fari, yana riƙe ko da inuwar harafi ce. Haka za a yi wa kwafin kabon da rubutun fensir. Takarda mai hatimi ko sa hannu da shuɗin biro kuwa, kamar takardar mallakar fili ko ta shaidar kammala karatu, da launi ake ɗaukar ta, domin launin hatimin wani ɓangare ne na shaidar.

Hotuna na da ƙa'ida mai sauƙi: a ninka 300 da yawan girman da ake so a ƙara. Hoton da za a sake bugawa a girmansa, 300 ya isa. Idan hoton aure mai inci 4 x 6 ake so a mayar 8 x 12, sai a ɗauka a 600. Ɗan ƙaramin hoton fasfo na marigayi da iyali ke son su faɗaɗa ninki huɗu su rataye a falo, 1200. Sai dai a sani cewa takardar hoto ita kanta tana da iyaka, kuma abin da ke cikinta da wuya ya wuce abin da 300 zuwa 600 za su kwaso. Bayan nan ƙwayoyin takardar da ƙura ake faɗaɗawa.

To su wa aka yi wa 4800 da 6400? Masu fim ɗin kyamara, abin da masu hoto ke kira nagetif ko dodon hoto. Gidan hoto ɗaya a fim mai milimita 35, girmansa milimita 24 x 36 ne kacal. A DPI 300 ɗigo 283 x 425 zai bayar, wanda bai cika fuskar waya ba. Kafin a fitar da hoto mai inci 8 x 12 daga cikinsa ana buƙatar DPI sama da 2,500 na gaskiya. Mai tsohon situdiyo da ke da akwatunan fim na hawan salla da naɗin sarauta, shi ne ya kamata ya damu da babbar lamba, kuma sai ya tabbatar na'urar na da fitila a murfinta, domin fim sai haske ya ratsa shi ta baya ake ɗaukar sa.

Kada kuma lambar firinta ta ruɗi mutum. Firintar da aka rubuta wa 4800 tana fesa ɗige-ɗigen tawada masu yawa ne kafin ta haɗa launin fiksel guda, tunda tawadarta kala huɗu ce ko shida kawai. Ɗigonta da na sikana suna ɗaya ne, aiki daban. Hoton da aka ɗauka a 300 zai fita tsaf a kanta.

Abin da yawan ɗigo ke jawowa

Bayan nauyin fayil akwai lokaci. Shafin da ke ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi a 300 yana iya cin mintuna a 1200, kuma mai fayil 500 a gabansa ya san bambancin. Sannan yawancin shafukan hukumomi da bankuna na da iyakar nauyin abin da za a ɗora. Gmail ba ya aika abin da ya haura megabait 25 a matsayin maƙale. Mai neman bizar Amurka, hoton da ake so ya ɗora kada ya gaza ɗigo 600 x 600, kada kuma ya wuce kilobait 240, kuma Ma'aikatar Harkokin Wajen ƙasar ta fayyace cewa idan sikanin hoto mai inci 2 x 2 za a yi, a 300 za a yi. Wanda ya ɗauka a 2400 don neman kyau sai ya dawo yana ragewa.

Dabarar da ta fi ita ce a ajiye kwafi biyu ga takarda mai muhimmanci. Na farko cikakke, a tsarin TIFF ko PNG waɗanda ba sa zubar da komai, a adana shi a wuri biyu. Na biyu matsattse, a PDF ko JPEG, domin aikawa. Daga babba ana iya fitar da ƙarami kowane lokaci, daga ƙarami ba a komawa babba. JPEG kuma duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa yana ƙara lalacewa, an fi ganin hakan a gefen haruffa. A WhatsApp, takardar da aka tura a matsayin hoto ana matse ta, wadda aka tura a matsayin fayil kuwa tana isa yadda take.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Tunda kusan kowace sikana da ke kasuwa a yau ta kai 600 na gaskiya, har da wadda ke haɗe da firinta, a wasu wurare ne bambancin yake. Na farko shi ne nau'in idanun. Nau'in CIS yana manne da gilashi, na'urarsa siririya ce mara nauyi, kuma da yawa daga cikinsu, irin su jerin LiDE na Canon da Epson V39, daga wayar USB suke samun wuta. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, domin batirin laftof kaɗai ya isa a yi aiki. Rauninsa shi ne ganinsa bai wuce saman gilashi ba. Takarda mai ninki, ko tsakiyar littafi mai kauri inda shafi ke ɗagawa, sai ta fito a dushe. Nau'in CCD, wanda aka ƙirƙiro a Bell Labs a 1969, yana amfani da madubai, yana da nauyi, yana buƙatar soket, amma yana ganin abin da ya ɗan ɗaga daga gilashi. Mai sikanin rajista mai ɗauri ko manyan littattafan lissafi, CCD mai 1200 ta fi masa CIS mai 4800.

Na biyu shi ne maɗaukin takardu mai jan su da kansa. ScanSnap iX1600 na ɗaukar takarda 50 a lokaci guda, tana sikanin 40 a minti, gaba da baya a tafiya ɗaya. Ita fi-7160 da aka ambata tana yin 60. Wannan saurin ne ofisoshi ke saye da tsada. Amma tsohuwar takarda mai rauni, ko mai fil, ko wadda aka liƙa wa hoto, ba a saka ta a maɗauki, kan gilashi ake shimfiɗa ta.

Sai girman gilashin, wanda ake yawan mantawa da shi. Tsofaffin fayilolin gwamnati cike suke da takardar fulskaf, mai tsawon inci 13, alhali A4 ba ta kai 12 ba. Gilashin A4 zai yanke ƙasan shafin, kuma a nan ne sa hannu da kwanan wata suke zama. Taswirar fili ko zanen gini na iya buƙatar A3.

Wanda takardunsa ba su wuce biyu ko uku a mako ba, wataƙila wayarsa ta ishe shi. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da ɗigo 4,000 x 3,000, kuma idan A4 ta cika hoton, lissafin ya kai kusan DPI 340. A aikace inuwar hannu da karkatar waya da rawar jiki suna rage shi, amma ga rasit da wasiƙa ya wadatar. Ga takardar da za a gabatar a kotu ko a adana ta dindindin, sikana ta fi, saboda haskenta daidai yake daga kusurwa zuwa kusurwa kuma girman takardar ba ya sauyawa.

Ranar saye, ko a titin Beirut na Kano ne ko a Banex ta Abuja, a tafi da takarda mafi wahala da ake da ita, mai ƙananan haruffa ko hatimin da ya dusashe. A sa a ɗauke ta a 300, a sake a 600, a faɗaɗa a fuskar kwamfuta a duba gefen haruffa da kusurwoyin shafi huɗu, a kuma duba agogo. Idan na hannu ce, a ɗauki farar takarda zalla: layi a tsaye daga sama har ƙasa alama ce ta datti ko mutuwar wasu idanun, kuma idan shafa gilashi bai kawar da shi ba, a bar ta. A tambaya kuma ko manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta tana aiki da Windows ɗin da ake da shi, domin tsofaffin sikanoni da yawa lafiyarsu ƙalau amma sabuwar kwamfuta ba ta gane su. Bayan an kai ta gida ko ofis, a lokacin hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle, a kuma goge gilashin da tsumma mai laushi kafin a fara aiki, tunda a 600 ƙwayar ƙura guda tana iya fitowa kamar aya a tsakiyar lambar kuɗi.